Ƙafafun Kofur

A shekarar da aka binne Barnabas ruwa ya sauka da wuri a Sakkwato. Lokacin sojoji ne ke mulki, kuɗin mai sun shigo, duk inda mutum ya waiga gini ake yi, manyan motoci na ta jigilar yashi da siminti. Barnabas kafinta ne, yana aikin rufi a gidajen ma'aikata da ake ginawa a bayan gari. Katako ne ya karye da shi daga sama. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Ya bar matarsa Dokas a ɗaki biyu da suke haya a Runjin Sambo, jikin gidan Alhaji Bawa mai hatsi. Allah bai ba su haihuwar da ta tsaya ba. Mutanen kudancin Zariya ne, aiki ya kawo su, danginsu a garin kuwa mutum ɗaya ne, Yakubu ƙanen Barnabas, wanda ke aikin kanikanci a wani gareji. Ban da shi, abin da ya rage wa Dokas mai numfashi a ɗakin nan kare ne.

Ja ne, mai farin ƙirji, sunansa Kofur. Barnabas ne ya raɗa masa sunan saboda yadda yake ƙamewa a bakin ƙofa in ya ga baƙo. A unguwar ba a saba ajiye kare a gida ba, Alhaji Bawa ma da farko ya ƙi. Sai da ɓarayi suka fasa masa sito suka kwashe buhunan gero sannan ya yarda, shi ma da sharaɗi. Kare zai kwana a bakin sito, ba zai shiga cikin gida ba, bakinsa kuma ba zai taɓa randa ko buta ko guga ba. Kofur ya kiyaye wannan shekara da shekaru, sito bai ƙara fasuwa ba.

A ƙauyensu Dokas, in miji ya mutu, matar takan je kabarinsa kowace safiya ta share, ta cire ciyawa, har ranar da dangin miji za su fitar da ita daga takaba. Ba ta ga dalilin da zai sa ta bar wannan don tana Sakkwato ba. Maƙabartar Kirista tana can bayan gari, hanyar ta ratsa gonaki da wani kwari da ciyawa ke kai wa mutum gwiwa. Da gari ya waye sai ta ɗauki tsintsiya da ƙaramar fartanya ta kama hanya, Kofur na gaba yana keta raɓa. In sun isa, ita tana noma gefen kabarin, shi kuma ya shige cikin ciyawa ya kwanta, sai rana ta yi zafi su juyo.

Da can, daga la'asar Dokas takan tafi Gidan Igwai ta soya ƙosai a bakin titi, ba ta dawowa sai duhu ya shiga. Yanzu da take takaba ba ta fita sana'a, tana zaune a ƙofar ɗaki wuni guda. Shi ya sa ta fara jin ƙarar. Cakas, cakas, cakas, kamar ana taunar ƙashi. Ta leƙa, sai ta ga Kofur ya kama ƙafarsa ta gaba yana gurgura da haƙori. Ta daka masa tsawa, ya bari. Tana juya baya ya koma.

Abu kamar wasa. Tsakanin yatsunsa ya yi ja, gashin wurin ya jiƙe da yawu ya koma kalar tsatsa. Daga ƙafar gaba ya koma ta baya. Cikinsa ya fito da ƙananan ƙuraje, yana kaɗa kunne, yana goga fuska a ƙasa. Ta duba ko kaska ce, ba ta ga ko ɗaya ba. Ta duba ko ƙaya ce ta shige, babu. Yana cin tuwonsa, yana shan ruwa, sai dai ba ya iya kwanciya ya huta. Har ya fara ɗingishi.

Ran Lahadi Yakubu ya zo gaishe ta bayan an tashi daga coci. Ya tsaya ya dubi karen, ya karkata kai.

"Matarmu, ai kirci ne wannan. Ba ki gani ba?"

"Kirci a ƙafa kaɗai?"

"Daga nan yake farawa. Ki bar ni da shi. Maganinsa na nan zube a garejinmu, har takawa muke yi."

Washegari ya dawo da gwangwani cike da baƙin mai, wanda ake juyewa daga injin mota. A shekarun nan baƙin mai maganin komai ne. Ana zuba shi a masai don wari, ana shafa wa katako don gara, ana shafa wa jaki a gyambo. Dokas ba ta yi musu ba. Ta riƙe wa Kofur kai, Yakubu ya naɗa tsumma a sanda ya shafe ƙafafun huɗu, ya bi ciki, ya bi baya, har gindin kunne.

"Har inda ba ya ciwo?" in ji ta.

"Riga-kafi ne. Kwana kaɗan za ki ga gashi ya fito yana sheƙi."

Da rana ta take, man ya ɗau zafi a jikin kare. Kofur ya tashi kamar an watsa masa wuta. Ya yi birgima a ƙasa, ya tashi ya bi bangon Alhaji yana gogawa, bangon da aka shafe da farar ƙasa bayan dawowar Alhaji daga Makka, ya bar baƙin layi tun daga zaure har kusurwar gidan. Ya zauna ya lashe man da ke ƙafarsa, ya yi amai, yawu ya riƙa dalala daga bakinsa. Idanunsa suka kaɗa. Masu wucewa suka fara tsallakawa ɗaya gefen hanya. Kafin yamma magana ta zaga unguwa cewa karen gidan mai hatsi ya haukace.

Da safe Alhaji Bawa ya yi sallama a ƙofarta, ya tsaya daga nesa. Mutum ne dogo, ba mai yawan magana ba.

"Matar Barnaba, ya haƙuri?"

"Da godiya, Alhaji."

"Ni ban so in yi miki magana cikin wanga hali ba. Amma jama'a sun tare ni masallaci. Sunka ce karen ga ya haukace."

"Ba hauka ba ne, Alhaji. Yana shan ruwa. In na kira shi yana zuwa."

"To mi na na?"

Ta ce, "Ban sani ba."

"Kin gani. Ni kau ban iya aje abin da ba a san kanshi ba ƙohwar gidana. In ya ciji ɗiyan wani, ni za a kama, ba ke ba. Kuma ana hwaɗin duba-gari na yawo da mai bindiga, dut karen da sunka gani haka harbe shi sukai." Ya dubi bangonsa, ya kau da kai. "Zan tahi Gusau awon hatsi. In na komo na iske shi haka, ko ki hidda shi da kanki, ko in kira su. Ki yi man haƙuri."

Da Yakubu ya ji, sai ya ce abin ai mai sauƙi ne. Akwai mutanensu a bayan bariki, suna karɓar kare ko yaya yake.

"Su yi me da shi?"

"Haba matarmu. Kin san abin da za su yi. Ya fi a harbe shi a jefar a bola."

"Ɗauki gwangwaninka, Yakubu."

"Ni taimako na zo yi."

"Na ga taimakon. Ɗauki gwangwaninka."

Rijiya ɗaya suke sha da gidan Alhaji. Tana wani ɗan fili tsakanin bayan sito da ƙofar baya ta cikin gida, inda mazan waje ba sa zuwa. Da la'asar Dokas ta je jan ruwa, Kofur ya biyo ta yana ɗingishi, ya tsaya inda ya saba tsayawa, nesa da guga. Sai ga Hajiya Balaraba, matar Alhaji, ta leƙo. Mace ce mai jiki, mai dariya, da haƙorin Makka a baki. Ba ta fita waje, amma ba abin da ke faruwa a unguwar da ba ta sani ba.

"La'ilaha illallahu! Dokas, wa yas shahe shi da man mota? An ce muku injin niƙa na?"

"Ƙanen mai gidana ne, Hajiya. Wai kirci ne."

"Kirci! Shi bakanike, dut abin da ya gani mai zai zuba mai. Allah ya sa ke ba ki yi ciwon kai gabanshi ba." Ta matso kaɗan, ta tattare zani, ta duba ƙafafun daga inda take. "Wanga ba kirci na ba. Abin nan na na damina. Ke ba ki wanke mai ƙahwa?"

"Wanke ƙafa?"

"Yadda marigayi ka yi."

Dokas ta ajiye guga. "Me yake yi?"

Hajiya ta dube ta, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Ashe ba ki sani ba. Ai haka na, lokacin kina wurin ƙosai." Ta jawo turmi ta zauna. "Dut damina, in sunka komo daga gonar nan tashi ta Dundaye da marece, nan shika tsayawa. Ya ja ruwa ya zuba ga tsohon kwanon siminti, ya kama ƙahwahun karen ga ɗaya bayan ɗaya ya wanke, har tsakanin yatsu. Ya goge mai ciki da tsumma, ya tsane shi sarai. Ni ina nan ina tankaɗe, ina kallo, ina yi mai tsiya. Nac ce, Barnaba, wanga gata ko ango albarka. Yac ce, Hajiya, haki na ba ya so. In ya shiga haki ba a wanke ba, kwana shikai shina cizon kanshi."

Haki shi ne ciyawa a bakin Sakkwatawa, Dokas ta san wannan. Abin da ba ta sani ba shi ne sauran. Ta zauna a bakin rijiyar. Ta tuna yadda takan dawo daga Gidan Igwai ta tarar da ƙafar wandon Barnabas a jiƙe, ta tuna faɗan da ta sha yi masa a kan sabulu da ke ƙarewa ba dalili, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce gobe zai sayo. Shekarun nan duka tana kwana ɗaki ɗaya da mutumin, ga wani abu da yake yi kullum da hannunsa, matar maƙwabci ta sani, ita ba ta sani ba. Ba ta yi kuka ranar jana'iza sosai ba, mutane ma sun yi magana. A bakin rijiyar nan ta yi.

Hajiya ta bar ta ta yi mai isarta. Sannan ta ce, "To ya isa. Tashi, rana na hwaɗuwa. Ni ban taɓa shi, kin sani, amma ina da ruwan zahi bisa wuta."

Ta shiga ta fito da tukunya, da curin sabulun salo, da man kaɗe a ƙoƙo. Kwanon simintin yana nan a bayan sito inda Barnabas ya kifa shi. Hajiya na tsaye tana tsiyaya ruwa daga sama, hannu a miƙe, jiki a janye, Dokas na durƙushe tana cuɗawa. Baƙin mai ba ya fita da wanki ɗaya. Suka yi, suka zubar, suka sake. Da ta zo kan ƙafafun, tana tsoron zai cije ta don zafi. Sai ta ga ya ɗaga ta gaba da kansa ya ɗora mata a tafin hannu. Da ta gama da ita, ya miƙo ɗayar.

"Kin gani?" in ji Hajiya. "Shi ya san aikin. Ke ta baƙuwa."

Man kaɗen bai daɗe ba, Kofur ya lashe shi tas. Dokas ta shiga ɗaki ta buɗe akwati, ta ɗauko safar da Barnabas ke sawa ran Lahadi, ta yanka ta yi huɗu, ta ɗinke bakin, ta zura masa ta ɗaure da zare. Ya tashi yana tafiya yana ɗaga ƙafa sama kamar mai taka garwashi. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki.

Wankin ya taimaka, amma bai isa ba. Barnabas gona yake kai shi su dawo, ita kuwa kowace safiya take kai shi cikin raɓa ya kwanta a ciyawa har hantsi, ga fata duk a buɗe. Abin da ya lafa da yamma sai ya tashi da rana. Ta gane haka da kanta, ba wanda ya gaya mata. Sai ta ɗaure shi a bakin sito ta tafi ita kaɗai. Tun kafin ta fita unguwa take jin kukansa, irin dogon kukan nan da mutane ba sa so. Tana tsakiyar shara a kabari sai ga shi ya ɓullo daga cikin ciyawa, guntun igiya na ja a wuyansa, safa ɗaya ta ɓace, jikinsa sharkaf. Ta sake gwadawa da sarƙar keke. Bai iya tsinkawa ba, amma ya yi ta kuka har maƙwabta suka aiko cikin gida, ya kuma huce haushinsa a kan ƙafar baya har ta yi jini.

Washegari ta tashi, ta ɗauki tsintsiya da fartanya, ta tsaya a ƙofa. Kofur ya miƙe yana kaɗa wutsiya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta mayar da fartanyar bayan ƙyaure, ta share tsakar ɗakinta da tsintsiyar, ta ɗora koko. Ba ta je ba ranar, ba ta je ba washegari. Ta riƙa zagayawa da shi ta kan titi inda ba ciyawa, su dawo ta wanke masa ƙafa, ta tsane, ta shafa mai, ta sa safa.

Yakubu ya biya ta maƙabarta wata Lahadi, daga can ya zo gidan ko zama bai yi ba.

"Na je wurin Yaya. Ciyawa ta rufe shi. Ko gicciyen ba a gani."

"Na sani."

"Kin sani? An ce kin daina zuwa. Na ce ƙarya ne, matar Yaya ba za ta yi haka ba. Saboda kare?"

"Saboda shi."

"Me zan gaya wa su Baba a gida? Su suke shirin zuwa fitar da ke. In ce kin bar kabarin ɗansu kina wa kare wankin ƙafa?"

"Ka gaya musu haka, tunda haka ne."

"Ba ki jin kunya?"

"Ina ji. Yakubu, yayanka ciyawa ba ta damunsa yanzu. Wannan tana damunsa. In kana da lokaci ran Asabar, ga fartanya nan bayan ƙyaure."

Bai ɗauka ba. Ya fita yana cewa zai aika gida, kuma ya aika.

Alhaji Bawa ya daɗe a Gusau fiye da yadda aka zata, don motar hatsin ta lalace a hanya. Ranar da ya dawo, sai da aka gama sauke buhuna sannan ya aika a kira ta. Ta zo da Kofur a igiya. Ya rame, gashin bayansa ya zube wuri-wuri inda man ya ƙona shi, amma idanunsa sun washe, bakinsa a bushe.

"Mi na na ga ƙahwarshi?"

"Safa ce, Alhaji."

"Sahwa." Ya shafa gemu. "Cire in gani."

Ta durƙusa ta kwance. Jan ya tafi, gyambon ya kame, wani ɗan gashi fari-fari ya fara tsirowa tsakanin yatsun. Alhaji ya sunkuya, hannuwansa a baya, ya duba ɗaya bayan ɗaya. Ya sa aka kawo ruwa a kwanon simintin, Kofur ya sha. Ya kira sunansa, kare ya ɗago kai ya dube shi.

"Hajiya ta hwaɗa man wai haki na."

"Haka ne."

"Ya warke ke nan?"

Dokas ta so ta ce e. "A'a, Alhaji. Ba ya warkewa. In damina ta dawo zai dawo. Sai dai a yi ta wankewa."

"Kuma ke za ki yi?"

"Ni zan yi."

Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. "To ya zamna. Mutanen masallaci ni zan yi musu magana. Amma ɗan'uwan mijinki, in ya sake shigowa gidan ga da man mota, shi zan kira ma duba-gari."

Dangin Barnabas ba su zo fitar da ita takaba ba. Sun aiko da baki cewa tunda ta zaɓa, ta zauna da abin da ta zaɓa. Matan coci ne suka taru wata Asabar suka yi mata addu'a, suka yi mata kitso, Hajiya Balaraba ta aiko da masa cike da kwano. Ran Litinin Dokas ta wanke kaskonta ta koma Gidan Igwai, sai dai ta riƙa fita a makare, don sai ta gama da ƙafafun Kofur tukuna, masu sayen ƙosai kuma suka saba da jira.